Kunne da Kwas ɗin Gyaran Keken Ɗinki

Shugabar cibiyar koyar da sana'o'i ba ta ce masa ya zauna ba. Takarda ɗaya ta turo masa ta kan tebur, ta koma ta jingina da kujera tana kallon fankar da ke juyawa a sama.

Ya ɗauka ya karanta. Sunaye goma sha biyu ne, na ɗaliban da ya yi wata uku yana koya wa gyaran keken ɗinki. A gaban kowane suna an rubuta kalma ɗaya da jan biro. Ya bi su da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake dawowa sama, kamar mai neman allurar da ta faɗi a yashi.

"Ranki ya daɗe, wannan ta wane aji ce?"

"Taka ce, Malam."

"Duka?"

"Duka sha biyun. Ko ɗaya bai ci jarrabawar aiki da hannu ba."

Sai ya zauna ba tare da an ba shi izini ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran keken ɗinki a wani ɗan shago da ke layin teloli, tsakanin mai sayar da zare da mai guga. Sunansa na yanka ya ɓace tun yana saurayi, kowa Kunne yake ce masa. Tela zai kawo keke yana ta bayani, shi kuwa sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bari keken ya yi magana." A taka feda sau uku, ya faɗi ciwon, ya ɗauki sukundireba. Shi ya sa da cibiyar ta so buɗe kwas na masu gyara, ba a yi dogon nema ba. Aka ce ya tsara darussan, ya rubuta littafin koyarwa, ya gwada shi a kan aji ɗaya. In ajin ya ci jarrabawa, hukumar da ke kula da cibiyoyin za ta amince da kwas ɗin, a riƙa koyar da shi a wasu wurare. Wata bakwai ya yi yana rubutu a kan teburin shagonsa, takardun duk tabon man keke, har suka kai shafi casa'in.

"Wa ya yi musu jarrabawar?" ya tambaya.

"Mai jarrabawa daga hukuma. Yana nan ma bai tafi ba."

"Mai farin gilashin nan? Wanda hannunsa ya fi na jariri laushi? Ranki ya daɗe, wannan ko zare bai iya sa wa allura ba. Makirci ne. A kawo mini kekunan da ya ba su, a gaban kowa, in ga abin da ya lalata a ciki."

Shugabar ta ce ya yi haƙuri, ya ce babu haƙuri. Ƙarshe ta aika aka kira mai jarrabawar, aka tara ɗaliban da ke harabar suna jiran sakamako, aka shiga ɗakin koyarwa.

Kekuna takwas ne a jere a ƙarƙashin tagogi. Mai jarrabawar, mutum mai sanyin magana, ya nuna na uku ya ce, "Wannan shi ya fi kayar da su. Abu ɗaya na taɓa a cikinsa."

Kunne bai ma matsa kusa ba. Ya tsaya taku uku daga keken, ya harɗe hannuwa a ƙirji, don kowa ya ga bai taɓa komai ba. Ya dubi babban ɗalibinsa, wani dattijo da ya yi shekara ashirin yana tuƙa babbar mota kafin bayansa ya hana shi, ya ce, "Direba, taka mini."

Direba ya zauna ya taka. Kunne ya rufe ido, ya karkata kai. Keken na tafiya sumul, ba gargada. Ya bar shi ya ƙara gudu, sannan ya buɗe ido yana murmushi.

"Lafiyarsa ƙalau. In ma da abin da yake so, ɗigon mai ne. Ka ba su keke mai lafiya ka ce su nemo ciwo, yaya za su ci?"

Ya duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Wata ɗaliba mai goyo ta rufe baki da gefen mayafinta. Shugabar ta sunkuyar da kai. Direba bai daina takawa ba, amma ya juyo yana kallon sa da ido waje.

"Malam," in ji Direba a hankali, "ba ka ji ba?"

"Me?"

"Ƙas, ƙas, ƙas. Ga shi nan duk juyi ɗaya."

Bai rufe baki ba allurar ta karye, guntun ya yi tsalle ya faɗi a siminti. Kunne ya ga faɗuwarsa da idonsa. Bai ji komai ba.

"Na ɗan gusar da ƙoshiyar zaren ƙasa ne," in ji mai jarrabawar, kamar mai neman gafara. "Allura na dukan ta. Ana jin ƙarar daga bakin ƙofa."

Kunne ya juya ga ɗalibansa. "To ku da kuka ji, me ya hana ku gyara ranar jarrabawa?"

Suka yi ta kallon juna. Direba ne ya daure.

"Malam, ka yi mini afuwa. Wannan ƙarar mun sha jin ta a aji. Sai ka tsaya a gaban allo ka ce, ku saurara, haka keke mai lafiya yake kuka. Sau ɗaya na ce maka kamar akwai wani abu, ka ce kunnen mota ne da ni. To sai muka ɗauka haka lafiyar take. Littafin ma ko'ina cewa yake a saurara. Mu kuwa mun daina yarda da abin da muke ji."

Kunne bai san yadda ya fita daga ɗakin ba. Ya tuna dai ya tsallaka titi wani mai babur ya ja birki a gabansa yana ta buɗe baki yana nuna hon ɗinsa.

Ya isa gida rana tsaka, abin da bai saba ba. Matarsa na shanya a tsakar gida. Ya tsaya a bayanta ya ce, "Ke, ina so ki faɗa mini gaskiya. Kunnena yana da wani abu?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta cikin bokiti. Ba ta yi mamaki ba, kuma wannan ya fi komai firgita shi.

"Wa ya faɗa maka?"

"Au, ke ma kin sani?"

"Baban yara, shekara biyu ke nan."

"Shekara biyu!"

"Ba ka lura kullum ta damanka nake zama ba? Ba ka lura yara sun daina kiran ka daga ɗaki, sai sun zo gabanka ba? Rediyon nan da kake kunnawa, maƙwabta sun ce sun huta da sayen batir. Ƙararrawar wayarka Auta ce ta mayar da ita mai girgiza, ta ce maka lalacewa ta yi."

Ya zauna a bakin rijiya. "Gida guda kun haɗa baki a kaina. Me ya sa ba wanda ya buɗe baki?"

"Na buɗe. Ranar da na ce mu je a duba ka, me ka ce? Ka ce in mutum bai iya magana ba sai ya ɗora wa kunnen wani. Kwana biyu ba ka kula ni ba." Ta zo ta tsuguna ta gefen damansa. "Mutumin da sunansa Kunne, ta ina za a fara gaya masa?"

Washegari suka je asibiti. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki, aka ɗora masa abin saurare a kai, aka ce duk lokacin da ya ji ƙara ya danna maɓalli. Ya zauna yana jira a fara. Da likitar ta buɗe ƙofa ya ce mata, "Ai ban ji kin kunna ba." Ta ce an gama rabin gwajin. Ta nuna masa wani zane mai layi biyu da suka gangara kamar hanyar kwari. Ƙara mai kauri yana ji, siririyar ce ta tafi, na hagu ya fi lalacewa. Ta tambaye shi ko yana aiki kusa da inji. Ya ce janaretan layinsu a bayan bangon shagonsa yake tun kafin a haifi babbar 'yarsa, ga dutsen wasa almakashi. Ta ce akwai na'urar da za ta taimaka masa da jin maganar mutane, amma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Kwana tara bai buɗe shago ba. A rana ta huɗu Shugabar ta kira, matarsa ta amsa ta faɗa masa saƙon. Hukuma ta yarda a sake gwaji sau ɗaya bayan wata uku. Sai dai an ba ajin ɗinki ɗakinsa da kekuna biyar, an bar masa uku a sito na baya. Ɗalibai biyar kuma sun ce sun haƙura. Ya ce a gaya mata ta nemi wani.

A rana ta tara yayarsa ta zo. Tela ce, ta girme shi da shekara shida, ita ta fara sa shi riƙe sukundireba yana yaro don kekenta ya cika lalacewa. Ta shigo da kan keke a naɗe cikin tsohon zane, ta dire shi a gabansa a kan tabarma.

"Tashi ka duba mini, ina da kayan mutane."

"Yaya, ba ki ji abin da ya same ni ba?"

"Na ji. Kurma aka ce ka zama, ba gawa ba."

"Ki kai wa wani."

"In kai wa wa? Wancan na bakin kasuwa da ya mayar mini da keke injin niƙa?" Ta zaro wani ƙyalle daga jaka ta jefa masa a cinya. "Ga abin da yake yi mini."

Ya ɗaga ƙyallen don ya mayar mata, idonsa ya faɗa kan ɗinkin. Ya juya bayansa. Zaren ƙasa ya yi kumbo-kumbo, kuma duk bayan ɗinki biyar ko shida akwai tsallake.

"Zaren samanki ya yi sako-sako," ya ce da gunaguni. "Allurar kuma kin sa ta a karkace, ko ta lanƙwashe."

"To ka gani."

"Wannan ai kowa ya sani."

"Ni shekara arba'in ina ɗinki ban sani ba. Juya shi mu gani."

Don ta ƙyale shi ya jawo keken, ya kama ƙafar juyawa da hannun dama ya murza. Can sai ya ce, "Akwai kuma abin da ke gogar wani abu a ƙasa. Haƙoran jan ƙyalle sun yi sama da yawa."

Yaya ta kai masa duka a bayan hannun hagu, har ya zabura.

"Wannan fa? Me yake yi a nan?"

Ya duba. Tafin hannunsa na hagu na kwance a kan wuyan keken, yatsu biyu sun sauka kan farantin allura. Bai san lokacin da ya ɗora shi ba.

"Da kunne ka ji gugar?"

Ya ɗage hannun ya murza: babu komai. Ya mayar ya murza: ga ta nan, 'yar girgiza siririya tana shiga yatsunsa duk juyi ɗaya. Ya ɗage, ya mayar, ya ɗage, ya mayar.

"Tun kana yaro haka kake yi," in ji Yaya. "Kai dai aka ce maka Kunne, ka hau ka zauna. A shago hannunka na kan keke, shi ya sa ba tela ɗaya da ya taɓa dawo maka da aiki. A aji kuwa na ji an ce tsayawa kake a gaban allo da alli, kamar wani farfesa."

Ranar bai ci abincin rana ba. Ya ɗauko littafin nan mai shafi casa'in da jan biro, yana zagaye duk inda ya rubuta "ka saurara". Ya samu wuri arba'in da uku. Inda ya ce a ɗora hannu kuwa, ko a duba bayan ɗinki, babu ko ɗaya. Abin da ya fi yi kullum shi ne abin da bai taɓa rubutawa ba.

Ranar Litinin ya koma cibiyar. Siton na baya taga ɗaya gare shi, rabinsa cike da karyayyun kujeru. Ɗalibai bakwai suka zo, suka zauna a kan abin da ya samu. Ya tsaya ba alli a hannunsa.

"Kafin komai, ni na kayar da ku, ba mai jarrabawa ba. Ba na jin siririyar ƙara, kuma na koya muku ƙarya ban sani ba. Wanda ya ga ba zai iya sake ba ni wata uku ba, ba zan riƙe shi a zuciya ba."

Mai goyon nan ta ce, "Malam, ni dai mijina ya riga ya gaya wa duk danginsa na zama injiniya. Ina zan koma?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi, karo na farko cikin mako biyu.

"Direba," ya ce, "kunnen motar nan da na zaga, ina roƙon aron sa. Duk ƙarar da keke ya yi, kai za ka faɗa mana yadda take, mu rubuta da bakinka."

Aikin ya koma sabo. Da safe yana aji, da rana yana shagon Yaya. Sai ya ɗauki keke mai lafiya ya lalata abu ɗaya da gangan, Yaya ta ɗinka layi biyu a farin ƙyalle da baƙin zare, ya rubuta ciwon a gefe, ya rubuta inda ake ɗora yatsu da abin da za a ji. Sannan ya gyara, ya lalata wani abin. Ƙyalle ashirin da uku suka tara. Daga tsohon littafin shafi goma sha ɗaya kawai suka tsira.

Da ya gama babi na farko ya ce ba zai sake yarda da kansa ba. Ya ajiye keke a tsakar gida, ya miƙa wa matarsa takardun da sukundireba, ita da ba ta taɓa buɗe cikin keke ba, ya ce ta bi abin da aka rubuta, shi ba zai yi magana ba. Ta karanta shafin farko ta wuce. A na biyu ta tsaya.

"Ka ce a kwance notin."

Ya gyaɗa kai.

"Wanne? Guda huɗu nake gani."

"Ai a bayyane yake, na..."

"Ka ce ba za ka yi magana ba."

Ta zaɓi wanda ya fi kusa da ita ta kwance. Wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ya yi tsalle ya faɗa magudanar ruwa. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi! Shafi na biyu!"

"Ni na rubuta?" in ji ta.

Sau huɗu ya sake rubuta babin kafin ta kai ƙarshensa ba ta jefar da komai ba. Daga nan kowane babi sai ya bi ta hannunta. Ta ce in an buga littafin a sa sunanta a bango, ya ce za a sa a shafi na biyu.

Saura mako uku jarrabawa ya kai hotunan ƙyallayen wurin mai buga takardu. Da ya je karɓa ya buɗe, sai ya ga kowane hoto ya zama baƙin dunƙule, ba a bambance tsallake da cukurkuɗewa. Mai bugun ya ce iyakar injinsa ke nan. Kunne ya tsaya a bakin shagon riƙe da kwafi bakwai da ba su da amfani, motoci na wucewa. Daga nan bai nufi gida ba, shagon Yaya ya wuce.

"Ashirin da uku sau bakwai," ya ce mata. "Ƙyallaye na gaske za mu manna a kowane littafi."

"Kai, ka san ina da kayan mutane?"

"Na sani."

Ta harare shi, ta ture rigar da take ɗinkawa gefe. "Lalata keken mu fara."

Kwana shida suka yi. Ɗaliban da kansu suka zo suka taya yankan ƙyalle da mannawa, kuma a wurin lalatawa da gyarawar nan sau bakwai-bakwai suka ga abin da wata uku na farko bai nuna musu ba.

Ranar jarrabawa mai farin gilashin ne ya sake zuwa. Kunne ya tare shi a ƙofa ya ce, "Na yi maka mugun zato, na kuma ce hannunka ya fi na jariri laushi. Ka yafe ni." Mutumin ya dubi tafin hannunsa ya ce ai ba ƙarya aka yi masa ba, matarsa ma haka take cewa.

Ba a bar Kunne ya shiga ba. Ya zauna a benci a baranda, sabuwar na'urar na kunnensa tana kawo masa ƙarar takalman mutane fiye da maganarsu. Wajen azahar Shugabar ta fito. Ta yi magana daga nesa bai kama ba, sai ta ɗaga hannu ta ware yatsu biyar.

Biyar cikin bakwai. Hukuma ta amince da kwas ɗin na shekara ɗaya, da sharaɗin a ƙara babi a kan kekuna masu lantarki, a sake dubawa. Mai goyo ce ta zo ta ɗaya. Cikin biyun da suka faɗi har da Direba.

Wannan bai shiga kan Kunne ba. Ya same shi a bayan sito yana wanke hannu a famfo.

"Kai? Kai da ka fi kowa?"

"Na gano ciwon cikin minti biyu, Malam. Bel ne ya saki. Wurin ɗaure shi na tsaya. Littafin ya ce a ja shi har ya yi daidai. Na ja, na sassauta, na ja, ban san ina ne daidai ɗin ba, har lokaci ya ƙare. Ɗayan ma a nan ya maƙale."

"Daidai ai shi ne..." Kunne ya ɗaga babban yatsa ya danna iska, sai ya tsaya yana kallon yatsan.

"Ka gani," in ji Direba. "Yatsanka ya sani, takardar ba ta sani ba."

"Shafi na nawa ne?"

"Sha huɗu."

Kunne ya laluba aljihu ya zaro biro. "Share hannunka ka zo. Akwai abin awo a jakata, mu auna ko nawa bel ɗin ke lotsawa in an danna. Yaushe za ka iya sake zama?"

"An ce bayan wata biyu."

"To ɗauko keken can na kusa da taga."